Allurar Zafi Tana Rawa, Kanikawa Suna Cire Tamostat

Sanin kowa ne cewa a watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafin rana a yankin Talata Mafara da Bakura da Maradun kan haura digiri 40 a ma'aunin Salshiyas, da wuya matafiyi ya bi babbar hanyar da ta taso daga Gusau ta ratsa Bunguɗu da Maru da Mafara ta nufi Sakkwato bai tarar da mota ɗaya ko biyu a gefen titi ba, an ɗaga bonet, tururi yana tashi, fasinjoji sun fake a gindin itace, yaron mota kuma ya ruga da jarka neman ruwa. Idan aka tambayi direban, sau da yawa amsar guda ce: ai tun kwanaki allurar zafi take wasa, ta hau ta sauka, shi ya ɗauka lalacewa ta yi. Wato dai motar ta daɗe tana kai kuka, ba a saurare ta ba. A da, mutuwar mota a daji ɓata lokaci ce da asarar kuɗi. A waɗannan shekaru da 'yan bindiga suka addabi hanyoyin Zamfara, musamman ƙananan hanyoyin da ke shiga ƙauyuka, motar da ta tsaya bayan la'asar tana iya jawo wa mutanen cikinta abin da ya fi asarar inji nesa ba kusa ba.

Direban da ya damu ya kai motarsa gareji ma ba lalle ya tsira ba. Abin da aka saba gani shi ne bakanike ya kwance wata 'yar ƙaramar na'ura da ake kira tamostat ya jefar, ya haɗa wayar fanka kai tsaye yadda za ta riƙa juyawa muddin mota tana kunne, sannan ya ce da mai mota ai Turawa sun sa wannan abu ne saboda sanyin ƙasarsu, a ƙasar Hausa ba shi da wani amfani. Wannan magana ta yaɗu har ta zama kamar karatun allo a bakin yaran gareji. Kuskure ce, kuma kuskure mai cin kuɗi. Hujjar da ke rushe ta kuwa ba a wata jami'ar waje take ba, tana cikin darussan Fiziks da Bayoloji da ake koyarwa a aji huɗu da biyar na makarantun sakandare.

Ɗalibin Bayoloji ya san cewa zafin jikin ɗan Adam mai lafiya yana tsayawa a kusa da digiri 37, ko yana kwance a ɗaki da asubar hunturu, ko yana noma da tsakar rana. Masanin Faransa Claude Bernard shi ne ya fara jawo hankali a ƙarni na 19 cewa rayuwa ta dogara ne ga tsayuwar yanayin cikin jiki a wuri guda, sannan Ba'amurke Walter Cannon ya raɗa wa al'amarin suna homiyostasis a shekarar 1926. A can ƙasan ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan yanki mai suna haifotalamos, wanda ke auna zafin jinin da ke ratsa shi. In jini ya yi zafi, sai ya sa jijiyoyin fata su buɗe, jini ya kwararo kusa da iska, gumi ya tsatso. In jini ya yi sanyi, sai ya matse waɗannan jijiyoyi, ya tsare zafin a ciki, har ya sa jiki karkarwa. Abin lura a nan shi ne, aikin haifotalamos riƙe jiki ne a wuri guda, daga sama da ƙasa duka. Jikin da ya sauka zuwa digiri 33 yana cikin haɗari kamar yadda wanda ya hau 41 yake, domin sinadaran da ke tafiyar da ayyukan ƙwayoyin jiki suna da iyakar zafin da suke aiki a cikinsa.

Haka injin mota yake. Daga cikin ƙarfin da ke ƙunshe cikin kowace litar fetur, abin da ke juya ƙafafun mota bai wuce kashi ɗaya cikin uku ba, sau da yawa ma bai kai ba. Kimanin kashi ɗaya cikin uku yana fita ta salansa a matsayin hayaƙi mai zafi. Ragowar kuwa yana shiga jikin ƙarfen injin, kuma dole a kwashe shi, in ba haka ba fistin ya kumbura ya cije. Ruwa ne ke wannan aiki, kamar yadda jini ke yi a jiki. Famfon ruwa shi ne zuciya, tiyo-tiyo su ne jijiyoyi, lagireto shi ne fata, fanka kuma ita ce mafici. An zaɓi ruwa ne domin kowane kilo guda nasa yana shanye kimanin kilojul 4.2 na zafi kafin ya ƙaru da digiri ɗaya, abin da kusan babu wani abu mai araha da zai iya. Masu ƙera mota sun auna girman fistin da silinda da kaurin baƙin mai ne bisa tsammanin injin zai yi aiki a wajen digiri 85 zuwa 100. Tamostat shi ne haifotalamos ɗin da ke tsare wannan iyaka.

Yadda yake aiki abin sha'awa ne saboda sauƙinsa. A tsakiyarsa akwai ɗan ƙoƙon tagulla cike da wani irin kaki. In ruwan inji ya kai zafin da aka buga a jikin na'urar, galibi 82 ko 88, sai kakin ya fara narkewa ya kumbura, ya tura wani ɗan sanda, ƙofa ta buɗe, ruwa ya wuce zuwa lagireto. In ruwan ya huce, kakin ya sake daskarewa ya tsuke, sifirin ya mayar da ƙofa. Ba waya, ba batir. Tun shekarun 1930 Sergius Vernet ya ƙirƙiro wannan dabara ta kaki a Amurka, har yau kuma ita ce a cikin mafi yawan motocin da ke kan titi. Manomin da ke ban ruwa a filayen Bakolori, inda tun da aka gama madatsar ruwan a kan Gulbin Sakkwato a 1978 ake rarraba ruwa ta magudanai zuwa gonakin Mafara da Bakura da Maradun, ya san amfanin ƙofar ruwa sarai. In ƙofar ta cije wata rana, gyara ta ake yi ko a sauya ta. Babu manomin kirki da zai ce a tumɓuke ta a bar ruwa ya yi ta kwarara dare da rana, domin ya san shinkafar da ruwa ya sha kanta ba ta fi wadda ƙishirwa ta kashe ba.

To, me ke sa allura rawa? Kafin a taɓa sifana, akwai tambaya guda da ya wajaba a amsa, irin wadda likita ke yi wa kansa idan ma'auni ya nuna masa zazzaɓin da bai yi kama da halin majinyaci ba: shin zafin ne yake sauyawa da gaske, ko kuwa ma'aunin ne yake ƙarya? Allurar da ke gaban direba ba ta taɓa ruwa. Saƙo take karɓa daga wani ɗan ƙarfe da aka ɗaura a kan injin, wanda kanikawa ke kira sensa. A cikinsa akwai wani sinadari wanda turjiyarsa ga wutar lantarki take raguwa in ya yi zafi, halin da Michael Faraday ya fara lura da shi tun 1833. Zafi ya ƙaru, turjiya ta ragu, wuta ta ƙara wucewa, allura ta hau. Saboda haka duk abin da ya taɓa tafiyar wutar, ko wayar da ta goge tana taɓa jikin ƙarfe, ko bakin soket da ya yi tsatsa, ko wayar at ɗin da ke haɗa inji da jikin mota ta yi sako-sako, zai motsa allura alhali ruwa yana nan yadda yake.

Lissafi kaɗan yana raba gardama. Ƙaramar mota tana ɗaukar ruwa wajen lita 6. Kafin lita 6 su ƙaru da digiri 20, sai sun shanye 6 sau 4.2 sau 20, wato kimanin kilojul 500, ba a ma sa ƙarfen injin a lissafi ba, wanda nauyinsa ya haura kilo ɗari. Babu injin ƙaramar mota da zai zuba wannan zafi cikin daƙiƙa ɗaya, babu kuma lagireton da zai kwashe shi cikin daƙiƙa ɗaya. Don haka allurar da ke tsalle kamar fara, ta buga sama ta faɗo cikin ƙiftawar ido, musamman in mota ta faɗa rami, ko in an kunna fitila ko an danna ham, wannan aikin mai wayarin ne, ruwa ba shi da laifi. A tsofaffin motoci irin su Peugeot 504, waɗanda aka riƙa haɗawa a Kaduna tun daga 1975, sensar waya ɗaya gare ta, kuma gwajinta ba wuya: a zare wayar, allura ta kwanta, a taɓa ta da jikin inji na ɗan lokaci kaɗan, allura ta tashi zuwa ƙarshe. In ta yi haka, agogon da wayar lafiya lau suke, sai a koma kan sensar. Ita kuma ana auna ta da mita. Irin wadda ke kai wa kwamfutar mota saƙo a yawancin motocin Turai da Japan takan nuna kimanin om 2,500 a digiri 20, ta sauko zuwa wajen om 300 a digiri 80, kuma saukar a hankali take, ba tsalle.

Idan kuwa allura tana tafiya ne a hankali, ta ɗauki minti ɗaya ko biyu tana hawa sannan ta sauko, to gaskiya take faɗa, kuma wanda za a fara tuhuma shi ne ƙarancin ruwa. A nan raƙumi yana da darasi. A cikin shekarun 1950 masanin halittu Knut Schmidt-Nielsen ya auna zafin jikin raƙuma a Saharar Aljeriya, ya gano cewa raƙumin da ke shan ruwa kullum zafinsa ba ya sauyawa fiye da wajen digiri 2 tsakanin safe da yamma, amma wanda aka hana ruwa yakan wayi gari a kusa da digiri 34, ya kai sama da 40 kafin faɗuwar rana. Yana barin jikinsa ya tara zafi da rana ya sake shi da dare, domin ya tsimi wajen lita 5 na ruwan da da zai fita a gumi. Ga raƙumi wannan hikima ce ta Mahalicci, an gina jikinsa ya jure. Amma ko a wurinsa, rawar zafin jiki alamar ƙishirwa ce. Inji bai da wannan juriya. In ruwa ya ragu, ko iska ta maƙale a cikin hanyoyinsa bayan an sauya tiyo ba a fitar da ita ba, sai sensa ta zama wani lokaci tana cikin ruwa, wani lokaci cikin tururi ko iska, allura ta riƙa kai da komo, wani lokaci ma da ɗan sauri. Direba mai kunne yakan ji ƙarar ɓulɓul daga bayan dashbod. Akwai kuma wani tarko mai muni da ya kamata kowane direba ya sani. In ruwan ya ƙare ƙaf, sensa ta bushe, allura tana iya saukowa ta kwanta kamar komai ya daidaita, alhali a lokacin ne injin ke ƙonewa. Masu aikin asibiti sun san irin wannan a jikin wanda zafin rana ya buge: sa'ad da gumi ya ɗauke fata ta bushe, lokacin ne lamari ya ɓaci.

Ruwa ba ya ɓacewa haka kawai, dole akwai inda yake bi. Wuri mafi arha da aka fi mantawa da shi shi ne murfin lagireto. Mutane da yawa sun ɗauka marfi ne kurum kamar na tulu, har akan ga wanda ya ɓatar da nasa ya toshe bakin da tsumma ko leda. Alhali kuwa a cikinsa akwai sifirin da roba da ke riƙe matsi na kusan ba ɗaya. Ruwa a buɗaɗɗiyar tukunya yana tafasa a digiri 100, ko ƙasa da haka kaɗan a tudu, amma a ƙarƙashin wannan matsi sai ya kai wajen digiri 120 bai tafasa ba. Murfin da robarsa ta tsage ya kwashe wa injin wannan rata ta digiri 20, ruwa ya riƙa tafasa a wuraren da suka fi zafi yana ficewa a tururi kaɗan-kaɗan. Wannan matsi shi ne kuma dalilin da ya sa buɗe murfi da zafi yake ganganci: da zarar an sake shi, ruwan da ke sama da digiri 100 ya zama tururi nan take ya yi tsiri zuwa fuska. Yaran mota da yawa suna ɗauke da tabon wannan a hannu da ƙirji. Sheƙa wa inji mai zafi ruwan sanyi, kamar yadda ake yi da fiya wata a bakin hanya, shi ma yana iya tsaga ƙarfe, kamar yadda kwalbar fitila mai zafi ke fashewa in ɗigon ruwa ya taɓa ta.

Bayan ruwa, sai a tambayi direba yaushe allurar take hawa, domin lokacin yana nuna mai laifi. Motar da ke tafiya lafiya a kan titi amma ta hau zafi in ta shiga cunkoson kasuwar Talata, sannan ta huce da zarar ta fita gari, fankarta ce ba ta aiki, ko fis, ko rile, ko makunnin da ke tayar da ita, domin a guje iskar hanya ce ke yi mata aikin fanka. Wadda kuma take lafiya a tsaye amma ta hau in an ɗora mata buhunan shinkafa an taka totur, to lagireto ne ya toshe, ko fukafukan famfon ruwa tsatsa ta cinye su, ko fambel yana santsi. Toshewa iri biyu ce. Ta waje, ƙura ce da ƙaiƙayi da ƙwari da ke liƙewa tsakanin siraran fukafukan lagireto, abin da ke yawa ga motocin da ke shiga gonaki lokacin girbi. Ta ciki kuwa daga ruwan da ake zubawa take. Duk wanda ya leƙa cikin butar shayin da ta daɗe a kan wuta ya ga wani farin ɓawo a gindinta. Gishirin ƙasa ne da ke narke a ruwan rijiya da na burtsatse, wanda zafi ke fitarwa. Wannan ɓawo yana taruwa a cikin bututun lagireto waɗanda faɗinsu bai fi na tsinken tsintsiya da yawa ba, ga kuma lakar ruwan gulbi ko na kududdufi da yaron mota ya ɗebo cikin gaggawa. In aka shafa hannu a fuskar lagireto bayan an kashe mota, aka ji wani wuri da zafi wani wuri da sanyi, to wuraren sanyin sun toshe.

Tamostat kansa yakan yi laifi, wannan ba abin musu ba ne. In ya tsufa ya fara cijewa, allura takan hau a hankali ta wuce tsakiya, sannan ta faɗo sa'ad da ƙofar ta ɓalle, ta sake hawa, haka dai. In kuwa ya cije a rufe gaba ɗaya, tiyon sama yana nan da sanyi inji yana tafasa, cikin 'yan mintoci ana iya asarar injin. Bakaniken da ya taɓa ganin haka sau biyu ko uku, ya kuma san kasuwar kayan gyara cike take da jabu, ba mahaukaci ba ne in ya ce gara a cire a huta. Yana da wata hujjar ma mai ƙarfi. Lagireto yana zubar da zafi ne gwargwadon ratar da ke tsakanin ruwansa da iskar waje. A ƙasar da iska take digiri 20, ruwa mai digiri 90 yana da ratar 70. A Bakura da azahar ɗin Afrilu, iska tana 42, ratar ta koma 48. Motar da aka shigo da ita ta Kwatano bayan ta yi shekaru goma sha a Turai tana iya zuwa da ƙaramin lagireto wanda wannan rata ba ta ishe shi ba. Saboda haka kanikawan da ke sauya wa irin waɗannan motoci lagireto mai layi biyu suna kan hanya, kimiyya tana bayansu.

Inda suka kauce shi ne zaton cire tamostat zai ƙara wa lagireto ƙarfi. Da zarar ruwa ya haura zafin buɗewa da digiri 10 zuwa 15, ƙofar a wangale take, ba ta tare komai. Motar da ke tafasa alhali tamostat ɗinta yana buɗewa, ciwonta yana wani wuri, kuma cirewar ɓoye shi kawai take yi zuwa ranar da za a yi doguwar tafiya da kaya. Bugu da ƙari, a injuna da yawa tamostat ƙofa biyu yake tsaro: yayin da yake buɗe hanyar lagireto, yana rufe wata gajeriyar hanya da ruwa ke zagayawa a cikin inji lokacin da yake da sanyi. In an cire shi, wannan gajeriyar hanya ta zauna a buɗe har abada, wani kaso na ruwan ya riƙa komawa inji bai ga lagireto ba. Ga shi an cire don a sami sanyi, an ƙare da ƙarin zafi.

Sannan ƙasar Hausa ba kullum take da zafi ba. Da asubar Disamba da Janairu, sa'ad da iskar hunturu ke sauko da zafi ƙasa da digiri 15 a wasu ranaku, motar da ba ta da tamostat tana iya tashi daga Maradun ta isa Gusau allura ba ta bar gindi ba. Mai mota yana murna, wai injinsa ba ya zafi. Abin da bai sani ba shi ne fetur ba ya ƙonewa sosai a silinda mai sanyi. Wani yana zama ɗigo a bango ya wanke baƙin man da ke kare ringi, ya gangara ya tsinka man da ke ƙasa. Tururin da ƙonewar fetur ke haifarwa shi ma yana zama ruwa a cikin man maimakon ya ƙafe ya fita. A motocin da ke da kwamfuta kuwa, muddin sensa tana cewa inji da sanyi, kwamfuta za ta ci gaba da ƙara fetur kamar yadda cok ke yi a tsohuwar mota. Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kowace lita da ta tafi a banza daga kuɗin cefane take fita. Mafi ban takaici, motar da aka cire wa tamostat ita ce allurarta ta fi kowace rawa: ƙasa a kan titi, sama a cikin gari, ƙasa da safe, sama da rana. Ƙarfe yana kumbura yana tsukewa sau da yawa a yini. A injin da kansa alminiyam ne gangar jikinsa kuma baƙin ƙarfe, kan yana kumbura kusan ninki biyu na gangar, gasket ɗin da ke tsakaninsu shi ke shan wahalar wannan ja-in-ja.

In gasket ya ƙone, an kai ƙarshen layi. Iskar ƙonewa tana kutsawa cikin ruwa, allura ta rikice, kumfa ta riƙa tasowa a bakin lagireto tun inji bai yi zafi ba, tiyo ya yi tauri kamar taya jim kaɗan bayan tayarwa, farin hayaƙi ya riƙa fita ta salansa, baƙin mai ya koma kalar shayi da madara. Wannan gyara ne na sauke kan inji, kuɗinsa ya ninka na murfi da tamostat da tiyo sau da yawa.

Motocin zamani sun zo da nasu ruɗanin. A da yawa daga cikinsu an tsara allurar ta zauna daram a tsakiya muddin zafi yana cikin iyakar lafiya, don kada ta tayar wa direba hankali, wasu ma ba su da allura sai 'yar fitila. Ma'anar wannan ita ce in irin wannan allura ta motsa sama, lamari ya riga ya yi nisa, tsayawa ya kamata a yi nan take. Amma sun zo da sauƙi kuma. Motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka tun daga 1996, da na Turai masu fetur tun daga farkon shekarun 2000, suna da wani soket a ƙarƙashin sitiyari inda ake soka 'yar na'ura ta nuna ainihin zafin ruwa da lambobi a fuskar wayar hannu. In lambar tana tsaye allura tana rawa, an kama maƙaryaci. Akwai kuma ma'aunin zafi mai kama da bindiga da ake nuna wa abu daga nesa. Jama'a sun san shi tun lokacin annobar korona a 2020, sai dai na goshi iyakarsa zafin jikin mutum, na gareji daban yake.

Duk wannan bincike, in aka bi shi daga mai arha zuwa mai tsada, bai fi aikin awa guda ba. Abin da ya hana shi zama ruwan dare shi ne yaron gareji yana koyon sana'a da ido da hannu, ba wanda ya taɓa gaya masa dalilin abin da yake yi, ɗalibin sakandare kuma yana haddace dalilin don jarrabawa bai taɓa riƙe tamostat a hannunsa ba. Sau da yawa kuwa su biyun 'yan gida ɗaya ne. Yankin nan ba ya rasa wuraren da za su haɗa su. A Talata Mafara akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da Jami'ar Jihar Zamfara, a Bakura akwai kwalejin aikin gona, inda taraktoci da injunan dizal ke da irin wannan tsari na sanyaya. Bita ta yini biyu da harshen Hausa, tare da ƙungiyar kanikawa ta NATA da ta direbobi ta NURTW, ba za ta ci wani kuɗi mai yawa ba.

Malamin kimiyya ma ba sai ya jira kowa ba. Tsohon tamostat kyauta ake samunsa a bayan kowane gareji, tun da jefar da su ake yi. A ɗaura masa zare a rataya shi cikin tukunyar ruwa yadda ba zai taɓa gindinta ba, a sa ma'aunin zafi na ɗakin gwaji, a hura wuta a hankali ana motsa ruwan. Ɗalibai su rubuta digirin da ƙofar ta fara buɗewa, su gwada da lambar da ke jikinsa, su sauke tukunya su ga digirin da ta rufe. In an samu guda biyar ko shida, za a ga waɗanda suka mutu da gaske da waɗanda aka jefar suna da ransu. Wannan gwaji shi ne kuma ya kamata mai mota ya sa a yi wa sabon tamostat a gabansa kafin a ɗaura, domin shi ne maganin jabu. A rataya sensa a cikin tukunyar guda, a haɗa ta da mita, a zana jadawalin turjiya da zafi, an gama darasin Fiziks na mako.

Game da abin da ake zubawa a lagireto, ruwan sama da aka tara a mazubi mai tsabta ya fi na rijiya, tatattcen ruwa irin na batir ya fi duka, kuma a gauraya shi da ruwan sanyaya inji mai launin kore ko ja da ake sayarwa a galan. Masu cewa wannan ruwa don ƙanƙara kawai aka yi shi sun san rabin labari ne. In an gauraya shi rabi da rabi yana ɗaga matakin tafasa da wajen digiri 7, kuma yana ɗauke da sinadaran da ke hana tsatsa cin famfo da alminiyam. Sai dai a kula ƙwarai da inda ake ajiye shi da inda ake zubar da tsohonsa. Sinadarin etilin gilaikol da ke cikinsa yana da zaƙi a baki, launinsa kuma kamar na lemon kwalba, amma guba ne da ke lalata ƙoda, kuma kaɗan ya isa ya kashe yaro ko akuyar da ta lasa a kwatar gareji.